Wurin Zaman Mutum Tamanin

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Hajiya Jummai, shugabar ƙungiyarmu ta mata masu gumar shinkafa a nan Lolo, ta aiko aka kira ni. Ta miƙo mini takarda, ta ce in nemo mana ɗakin taro na ranar talatin ga wata. Malam Wakili ne ya aiko da takardar daga Birnin Kebbi, jami'in shirin tallafin da zai ba mu injin casa. Injin guda ɗaya ne, namu mu da matan Madekali na tsallaken iyaka, kuma ba za a sauke shi ba sai mun zauna wuri ɗaya mun sa hannu. In wata ya ƙare ba a zauna ba, Kaoje za a kai shi.

Ga abin da takardar ke so: wuri mai cin mutum tamanin, da kujeru, da wuta, da lasifika, da makewayi, sannan mai wurin ya sa hannu cewa ya yarda.

Na ce wa Hajiya ko a ba wata wannan aikin, tunda kowa ya san yayar wa nake. Ta ce ni ce sakatariya, ni ke da biro, kuma ba ta ga sunan ƙanen kowa a takardar ba.

Kasuwa uku ke nan ko mace ɗaya daga Madekali ba ta zo ba. Tun ranar da jirgin ƙanena ya kife a kogi. Rumfunansu na nan awaki na kwana a ciki.

Na biya gidan Inna da kwanon tuwo. Ƙanena Bunyaminu yana ɗaki, fuskarsa ga bango. Bai ci ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Maigida ya kai ni Bagudo a babur. Na yi niyyar rufe ido in mun hau gadar Tuga, amma ban iya ba. Ban taɓa ganin kogin nan haka ba. Ya haɗiye fadamu, ya haɗiye hanyar shanu, giginyu kawunansu kaɗai suka rage a waje. Ko ƙara ba ya yi, tafiyarsa kawai yake, ja kamar kunun kanwa, daga wannan gefen sama zuwa wancan. Na riƙa cewa Subhanallahi har muka sauka gadar. Ashe mutum zai iya jin tsoron abu, ya kuma kasa ɗauke ido daga kansa.

Akwai ɗakin taro a wani sabon masauki. Mai kula da shi, Albashir, ya buɗe mini. Na tuɓe takalmi a ƙofa, ya yi dariya ya ce in mayar. Fararen kujeru a jere, kowacce da rigarta. Ya danna wani abu sanyi ya fara saukowa daga sama, ya danna wani hoto ya fito a bango ya fi ƙofar gidanmu girma. Da na yi magana a lasifikar sai na ji muryata ta dawo mini daga kusurwa huɗu. Na tsaya ina tunanin yadda ƙawata Zuhura za ta yi in ta ga wurin nan, za ta ce a ɗauke ta hoto a kan kowace kujera.

Na rubuta sunanta. Ban yi niyya ba.

Albashir ya sa mu a littafinsa, talatin ga wata, ƙarfe goma.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Na tura wa matan Madekali saƙon murya cewa an samu wuri. Sun saurara. Ba amsa.

Asabar, 11 ga Oktoba, da magariba

Amsa ta zo. Najiba ce ta yi magana, wadda ke riƙe musu waya yanzu. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce an ji, amma a faɗa wa wadda ta zaɓi Bagudo cewa babu macen da za ta ƙetare ruwan nan bana, ko ta gada, ko ta sama. Daƙiƙa goma sha ɗaya saƙon. Na saurare shi ya fi sau goma.

Yaya aka yi ban yi wannan tunanin ba? Ni da na hau gadar da kaina. Sanyin ɗakin nan da fararen kujeru suka ɗauke mini hankali.

Na kira Albashir na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, akwai masu biki da ke son ranar.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Dole dai a wannan gefen ruwa za a yi. Na zagaya Lolo da takardata tun hantsi.

Wata makaranta tana da babban aji. Hedimasta ya karɓe ni da kyau, har ya sa aka kawo mini ruwa. Da ya ji su wa za su zo, sai ya ce sai ya nemi izni daga sama, kuma iznin kan ɗauki wata guda. Zauren wani dattijo ba zai ci mutum talatin ba. Wani Alhaji mai babban shagon siminti ya fito mini fili, ya ce ya ji mazan Madekali sun ce tare da matansu za su zo, shi kuwa ba ya son a fasa masa ƙofa. Ya ƙara da wata magana a kan mutumin da aka ce masa kaya sun yi yawa bai ji ba. Wasu sun ce kaya ne, wasu sun ce inji ne ya mutu a tsakiya, wasu sun ce kututture ne. Waɗanda ba su wurin sun fi kowa sani.

Bai ci ba. Inna ta ce ruwa kawai Bunyaminu ya sha.

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Ban fita ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Malam Wakili ya kira. Mutum ne mai sauƙi, amma ya ce in takardar mai wuri ba ta iso masa ba kafin ashirin da uku, babu yadda zai yi.

Na je wurin Hajiya Jummai. Tana tsaye kan tukunyar gumi, tururi ya rufe ta. Ta ce ai na san ginin da ya rage. Na ce ban sani ba. Ta dube ni.

Na sani mana. Tun ranar farko na sani. Siton Goggo Mariama, shugabar matan Madekali, wanda ta gina a bakin kasuwarmu don ajiyar buhuna. Zai ci mutum ɗari. Kullum ta gefensa nake wucewa, kullum nake kau da kai. Ɗiyarta Zuhura ce ke buɗe shi duk ranar kasuwa. Yana kulle tun ranar da ruwa ya ci ta.

Hajiya ta ce, "Mashkura, kowa ya tai gaisuwa. Ke ɗai kinka rage."

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallar azahar

Mutum bakwai ne ruwan ya ci. Yau na iya rubuta adadin.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da safe

Na ɗaura zani, na sa hijabi, na kai bakin tasha, na dawo. Maigida yana zaune a ƙofar gida. Da zan wuce ya ce in na shirya shi zai kai ni. Na ce a'a, wannan tafiyar ni kaɗai ce.

Litinin, 20 ga Oktoba, da magariba

Na je. Zan rubuta komai yadda ya faru kafin in fara shakkar ko na ji daidai.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni bayan shingen iyaka, na ƙarasa da ƙafa. Ruwan da ya yanke hanyar a watan jiya ya ja baya, sai taɓo busasshe. Na san gidan kamar namu, tun muna 'yan mata nake kwana a ciki. Amma yau sai da na yi sallama sau uku kafin muryata ta fita.

Goggo Mariama tana zaune a tabarma tana yanka kuɓewa tana shanyawa. Ta rame, amma zamanta na nan, baya a miƙe. Matan da ke wurin suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka shige ɗaki. Najiba ce ta ƙarshe, ta bi ta gabana zaninta na taɓa ni.

Na durƙusa. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Goggo ta ce fofo, irin gaisuwarsu ta Dendi, ta tura mini kwanon ruwa da bayan hannu. Ta ce in sha, rana ta yi. Na sha. Ta tambayi Inna, ta tambayi yara kowa da sunansa. Sannan, tana yanka kuɓewarta, ta ce, "Yaron nan, shina cin abinci?"

Na ce ba ya ci. Ta gyaɗa kai.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko maigida, ko wannan littafin, ta fito. Na ce Goggo, ni na kira Zuhura ranar. Ta ce mini hanya ta yanke, za ta bari sai wata kasuwa. Ni na ce mata Bunyaminu yana can bakin ruwanku ya kai kaya, ta biyo shi, ta zo da sunayen mata saboda takardun injin. Ni na ce ta yi sauri.

Goggo ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Na sani. Ina zaune nan inda kike sa'ad da kinka kira. Ni na ce mata tashi ki tai, kar ki sa Mashkura jira."

Kaji na tsattsaga a gefe, ana daka a maƙwabta, amma ni kamar an ɗauke duniya an bar ni da fuskar matar nan. Wata guda ina ɗauke da abin nan ina ganin ni kaɗai ce, ashe tana zaune a tabarma da nata rabin, tana yanka kuɓewa. Na yi kuka. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma taya ni ba. Da na gama ta ce in goge fuska in faɗi abin da ya kawo ni, don ta ga takarda a hannuna.

Na karanta mata. Ta tambayi kujera nawa, na ce tamanin. Ta ce makewayi akwai a baya, wuta kuwa sai dai janareta. Da na zo kan kuɗin haya ta ɗaga hannu, na tsallake shi. Ta sa aka kawo tawada ta dangwala yatsa.

Har na miƙe ta ce saura abu ɗaya. Makullin siton yana ƙugun Zuhura, ba a samu na biyu ba. Sai an fasa kwaɗon.

"Ki ce ma Bunyaminu shi zo shi fasa. Shi nika so shi share wurin, shi jera kujerun. Kar a sa kowa."

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Na tura wa Malam Wakili hoton takardar. Ya ce madalla.

Horo ne, ko mene ne? Inna ta ce ba za ta bari Bunyaminu ya fita ba, za a yi masa wani abu. Maigida ya ce tsohuwar nan ba ta taɓa yin abu a ɓoye ba. Ni dai na tsaya a ƙofar ɗakinsa na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Bai juyo ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Inna ta aiko. Bayan sallar asuba Bunyaminu ya nemi guduma.

Laraba, bayan la'asar

Bugu uku kwaɗon ya faɗi. Mutane sun taru daga nesa, babu wanda ya matso. Da ya tura ƙofar, warin ƙaiƙayi da zafi suka fito. Hijabin Zuhura shuɗi yana rataye a ƙusa, wanda take canzawa in za ta yi awo. Silifas ɗinta a gefen sikeli, ɗaya ya hau ɗaya.

Bunyaminu ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauke hijabin da hannu biyu, ya kakkaɓe, ya ninke, ya ɗora silifas ɗin a kai ya miƙo mini. Ya ɗauki tsintsiya. Na ce bari in taya shi, ya ce an ce kar a sa kowa. Wannan ce maganarsa ta farko da na ji tun watan jiya.

Asabar, 25 ga Oktoba, da magariba

Kwana huɗu Bunyaminu yana aiki. Ya fitar da tsofaffin buhuna, ya toshe ramukan ɓeraye da siminti, ya wanke ƙasa sau biyu, ya hau ya liƙe inda kwano ke yoyo. Da tsakar rana yau wani ɗan kabu-kabu ya sauke kwano a ƙofar siton, ya ce daga Madekali. Shinkafa ce da miyar kuɓewa da kan kifi. Ya zauna a dokin ƙofa, ya juya wa kasuwa baya. Na kau da kai don kar ya ga ina kallo.

Kwanon ya koma wanke.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Kujeru: hamsin daga masu hayar kayan biki, sauran an tattaro gida-gida, har da benci biyu na masallacin mata. Lasifika ta mai shelar kasuwa. Janareta na maigida. Babu kujerar da ta yi kama da 'yar'uwarta. Bunyaminu ya jera su ya sake jerawa har sau uku. Ya tambaye ni ko a bar hanya a tsakiya, namu gefe nasu gefe. Na ce ban sani ba. Ya bari.

An ce mazan suna nan zuwa. An ce mijin Zuhura na ciki. Hajiya Jummai ta ce Bunyaminu ya zauna gida ranar. Ya ce in janareta ya mutu wa zai tayar?

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan isha'i

Sun iso ƙarfe goma da rabi, mota biyu da babura. Mata ashirin da shida, maza sun kai goma sha biyar. Mazan ba su shigo ba, suka jeru a jikin bango daga waje. Bunyaminu yana tsugune wurin janareta, taku biyar tsakaninsa da su. Na ga Ibrahim Khalil, mijin Zuhura, yana kallonsa ba ƙiftawa.

Goggo Mariama ta shigo ƙarshe, tana dogara sanda. Ta tsaya a ƙofa ta dubi rufi, ta dubi ƙasa, ta dubi ƙusar nan. Aka nuna mata kujerar gaba a gefensu. Ta ja ta da kanta, ƙafafun kujerar na kuka a siminti, ta kai ta tsakiyar hanyar da aka bari ta zauna. Hajiya Jummai ta ɗauki tata ta je ta ajiye kusa da ita. Shi ke nan, hanya ta toshe.

An yi addu'a, an kira sunayen bakwai ɗin. Malam Wakili ya yi bayani, ina fassara wa waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. An yi gardama sosai kan ranakun casa, har Najiba ta miƙe tana nuna ni da yatsa tana cewa Lolo ta kwashe ranaku masu kyau. Wallahi daɗi na ji. Faɗan kasuwa ne, irin wanda muka saba. Aka raba kwana uku-uku, Juma'a hutu. Aka sa hannu ƙarfe ɗaya da kwata. Janareta ya mutu sau ɗaya, ya tayar.

Na ɗauka an gama. Ana ta shiga mota, sai Goggo ta ce ita motar nan ta girgiza mata ƙashi, ba za ta koma a cikinta ba. Ta juya wurin janareta ta ce, "Bunyaminu, nemo jirgi ka kai ni gida."

Babu wanda ya motsa. Ibrahim Khalil ya ce wa surukarsa, "Inna," ta ce ta ji shi. Bunyaminu ya miƙe, ya ce Goggo shi bai ƙara taɓa ruwa ba. Ta ce ta sani, ita ma haka, kuma rana na yi.

Kasuwa duka ta bi su bakin kogi. Wani masunci ya ba da jirginsa. Bunyaminu ya duba inji, ya duba ƙasan jirgin, ya sake duba inji. Ya shiga ruwa har gwiwa ya riƙe mata gefe. Ta miƙa masa sandar, ta dafa kafaɗarsa ta shiga, ta zauna a tsakiya ta gyara mayafi kamar mai zuwa suna. Kogin yana nan yadda yake, faɗinsa ba iyaka, ita kuwa 'yar tsohuwa ce da ba ta kai buhu ɗaya nauyi ba. Ban san wanne ya fi cika mini ido ba.

Har ya ja igiyar inji, sai Ibrahim Khalil ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya ratsa ruwa ya hau. Bai dubi Bunyaminu ba. Ya zauna a gaba, ya ba shi baya, ya ce, "Mu tai."

Na tsaya har suka zama ɗigo, har ɗigon ya shige kwana. Mutane suka watse, ni ban iya ba. Inna ta zo ta tsaya kusa da ni da carbinta.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara. Najiba ce, sun riga su isa ta mota. Ta yi mini sallama cikakkiya. Ta ce su Goggo sun sauka lafiya, kuma Goggo ta ce a faɗa wa Inna kar a jira Bunyaminu da abinci, an zuba masa a can.